Amsoshin Wasiƙunku: Daga Wakanda Zuwa Kakuri

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan shafi a watan nan sun karkata ne ga fina-finan almarar kimiyya da littattafan zane na jarumai, kuma mafi yawansu daga cikin garin Kaduna suka fito. Mun taƙaita tambayoyin domin wuri, mun kuma haɗa waɗanda suka yi kama da juna a ƙarƙashin amsa guda.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A majalisarmu ta wajen mai shayi mun rabu gida biyu, 'yan Marvel da 'yan DC, kuma gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Idan aka haɗa Superman da Hulk, wa zai kayar da wani? Sannan tsakanin kamfanonin biyu, wanne ya fi iya fim? (Daga wani matashi mai gyaran waya, Tudun Wada)

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. An riga an yi wannan karo a kan takarda. A shekarar 1996 kamfanonin biyu sun haɗa hannu sun fitar da jerin littattafan zane inda jarumansu suka gwabza, aka kuma bar wa masu karatu su kaɗa ƙuri'a a kan wasu daga cikin faɗace-faɗacen, ciki har da na Superman da Hulk, kuma Superman ne ya yi nasara. Sai dai ka lura da yadda aka samu nasarar: da ƙuri'a aka same ta, wato da farin jini. Marigayi Stan Lee, wanda yake cikin waɗanda suka ƙirƙiro Hulk ɗin kansa, ya taɓa bayyana cewa a irin wannan faɗa wanda marubuci ya so shi ne yake cin nasara, kuma ban ga abin da za a ƙara a kan haka ba. Ai a wani littafi na 1986 an sa Batman, mutumin da ba shi da wani ƙarfi sai kuɗi da dabara, ya jigata Superman, domin labarin yana buƙatar hakan.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi. DC ce babba a shekarun shahara, domin Superman ya fito a 1938, Batman kuma a 1939, alhali jaruman da suka ɗaga Marvel, irin su Spider-Man da Hulk da Thor, sai a 1962 suka bayyana. Bambancin da Marvel ta zo da shi tun wancan lokaci shi ne jarumi mai matsala irin ta kowa. Spider-Man yana iya tare jirgin ƙasa da hannunsa, amma kuɗin haya yana gagararsa, kuma wannan ne ya sa yaro a kowace ƙasa yake ganin kansa a cikinsa. Daga fim ɗin Iron Man na 2008 zuwa Avengers: Endgame na 2019 sun jera fina-finai 22 da suke ɗaure da juna, abin da babu kamfanin da ya taɓa yin irinsa, kuma na ƙarshen ya tara kusan dala biliyan 2.8. A wannan tsakani babu musu Marvel ce a gaba. Bayan haka kuwa, a ganina, fina-finan nasu sun zama kamar miyar da aka yi ta ƙara wa ruwa saboda yawan baƙi: tana isar kowa, amma ɗanɗanon ya tafi. Idan kuma ana maganar fim guda ɗaya tak, ni The Dark Knight na 2008 zan ɗauka, kuma na DC ne, saboda bos ɗin da marigayi Heath Ledger ya fito a matsayinsa yana tsorata mai kallo ba tare da ya tashi sama ko ya fitar da wuta daga idonsa ba. Saboda haka ka gaya wa majalisarku cewa 'yan Marvel sun ci a jimla, 'yan DC sun ci a ɗaiɗai.

Tambaya: Malam, na sake kallon Black Panther tare da ƙannena, sai na lura cewa a farkon fim ɗin an nuna dajin Sambisa da matan da 'yan bindiga suka sace. Raina ya ɗan sosu. Mutane suna cewa fim ɗin ya ɗaukaka Afirka, amma mu abin da aka tuna da mu da shi ke nan? (Daga wata malamar makaranta, Unguwar Rimi)

Amsa: Malama, sosuwar ranki tana da dalili. Fim ɗin ya fito a 2018, shekara huɗu bayan sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilun 2014, kuma duk da cewa ba a ambaci sunan wata ƙungiya ba, babu ɗan Arewa da zai ga jerin motocin nan cikin dare bai gane abin da ake nufi ba. An ɗauki masifar da har yanzu akwai iyayen da suke kuka a kanta, an mayar da ita mabuɗin da za a nuna bajintar jarumi a cikin 'yan mintuna, sannan jirgi ya ɗaga aka wuce. Abu ɗaya da na yaba a wurin shi ne yadda Nakia, 'yar leƙen asirin da take ɓangaren jarumin, ta hana a kashe wani yaro daga cikin 'yan bindigar, bisa hujjar cewa shi ma sato shi aka yi, wanda yake nuna cewa wani daga cikin marubutan ya fahimci yadda rikicin yake cin yaran yankin ta fuska biyu.

Amma ya kamata a auna wannan da abin da aka saba yi mana. A 2009 fim ɗin District 9, wanda aka shirya a Afirka ta Kudu, ya nuna 'yan Najeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman baƙin halittu domin neman ƙarfi, har ministar yaɗa labarai ta lokacin, marigayiya Dora Akunyili, ta nemi gidajen sinima su daina nuna shi. Idan aka ɗora Black Panther a kusa da wancan, za a ga cewa an yi aikin bincike na girmamawa. Ruth Carter, wadda ta tsara tufafin, ta ɗebo daga bargunan mutanen Lesoto, da adon Masai, da hular matan Zulu, da rawani da shuɗin Buzaye, kuma ta ci kyautar Oscar a kan wannan aiki. Harshen da mutanen Wakanda, ƙasar almarar da jarumin yake sarauta, suke yi harshen Xhosa ne na Afirka ta Kudu. Muryar da take tashi lokacin da jirgin sarki ya keto cikin ƙasar ta Baaba Maal ce, mawaƙin Senegal, da Fulatancin ƙasarsu, ga kuma kalangu yana amsawa a ƙarƙashin kiɗan. Wurin da ya fi burge ni a fim ɗin gaba ɗaya shi ne gidan tarihi na Landan, inda Killmonger, bos ɗin fim ɗin, ya tambayi jami'ar gidan ko kakanninta sun biya kuɗin kayan da suke baje kolinsu, tambayar da ta shafi kayan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897 kai tsaye.

Inda nake da ja da fim ɗin ya wuce Sambisa. Wakanda ƙasa ce da wasu Amurkawa biyu, Stan Lee da Jack Kirby, suka ƙirƙira a 1966, kuma yawancin fim ɗin a jihar Jojiya ta Amurka aka ɗauke shi. Damuwar da take cikinsa damuwar baƙar fatar Amurka ce, wato raɗaɗin wanda aka raba da asalinsa, kuma wannan damuwa ce ta gaskiya, sai dai ba ita ce tamu ba. Shi ya sa mutumin da ya fi kowa faɗin gaskiya a fim ɗin aka mayar da shi mugu, jami'in hukumar leƙen asiri ta CIA kuma aka mayar da shi aboki mai taimako, alhali duk wanda ya karanta tarihin Kongo ya san cewa hukumar ta ƙulla makircin kashe Patrice Lumumba, firaministan ƙasar na farko, kafin kisan da aka yi masa a Janairun 1961. Ki bar ƙannenki su ji daɗin fim ɗin, domin yana da kyau, amma ki nuna musu cewa hoton Afirka ne kamar yadda ɗan'uwa na nesa yake mafarkinta.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a fim ɗin Interstellar an ce awa ɗaya a wata duniya daidai take da shekara bakwai a tamu. Abokina ya ce ƙarya ce irin ta fim, ni kuma na ce ai ko Ashabul Kahfi sun yi barcin shekara 309. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? (Daga wani ɗalibin injiniya, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna)

Amsa: Ɗana, kai ka fi kusa da gaskiya, amma hujjar da ka kawo ba a wurinta take ba. Ƙissar Ashabul Kahfi aya ce daga ayoyin Allah, kuma ba ta buƙatar wani lissafin kimiyya ya tabbatar da ita, don haka ka bar ta a matsayinta. Abin da fim ɗin ya ginu a kai shi ne bayanin da Albert Einstein ya kammala a 1915, cewa lokaci ba ya tafiya da sauri iri ɗaya a ko'ina, kuma yana rage gudu a inda ƙarfin jan nauyi ya yi yawa. An gwada wannan an tabbatar, kuma hujjar tana cikin wayar da take aljihunka. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda suke nuna maka hanya daga Kawo zuwa Barnawa a taswira, suna shawagi ne a nisan kimanin kilomita 20,000 daga ƙasa, kuma agogunansu suna gaba da namu da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana. Da injiniyoyi ba su saka gyaran wannan ɗan bambanci a lissafi ba, da kuskuren wurin da taswira take nunawa ya kai kimanin kilomita goma a rana guda.

Duniyar da aka nuna a fim ɗin tana kewaya wani ƙaton baƙin rami ne, wato wurin da jan nauyi ya kai matuƙa har haske ba ya iya kuɓuta daga cikinsa. Masanin da ya ba masu fim ɗin shawara, Kip Thorne, wanda ya samu kyautar Nobel a 2017, ya lissafa cewa awa ɗaya za ta iya zama shekara bakwai idan ramin yana da girma ƙwarai kuma yana juyawa da gudun da ya kusa iyakar abin da zai yiwu. Wato lissafin bai haramta ba, ko da yake sharuɗɗan suna da tsauri. Abin da ya faru a ƙarshen fim ɗin kuwa, inda uba ya faɗa cikin ramin ya riƙa aika wa 'yarsa saƙo ta bayan kantar littattafai, wannan aikin marubuci ne, kuma a nan abokinka yana da gaskiya.

Tun da kai ɗalibin injiniya ne, ga wani abin da za ka kama masu fim da shi. Sauti yana buƙatar iska ko wani abin da zai bi, sararin samaniya kuwa fanko ne, saboda haka duk rugugin da kake ji idan kumbo ya fashe a Star Wars ƙari ne domin jin daɗin kunne. Haka ma tsallakawa daga tauraro zuwa tauraro kafin shayi ya huce. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma yana ɗaukar fiye da shekara huɗu kafin ya iso mana daga tauraro mafi kusa da rana, kumbon Voyager 1 kuma da aka harba a 1977 zai buƙaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci irin wannan nisa.

Tambaya: Malam, yarana ba su da zance sai Spider-Man da Thor, har ƙaramin yana cewa Thor shi ne allan tsawa. Hankalina ya tashi. In hana su kallo gaba ɗaya ne? (Daga wani magidanci, Rigasa)

Amsa: Alhaji, Allah ya shirya mana zuri'a. Hukuncin shari'a a kan kallo da hoto na malamai ne, kuma Kaduna ba ta rasa su ba, don haka ni zan tsaya ne a kan abin da na sani game da fina-finan kansu. Thor ba Marvel ce ta ƙirƙiro shi daga babu ba. Abin bauta ne na mutanen arewacin Turai kafin Kiristanci ya isa can, aka ɗauko shi daga tatsuniyoyinsu aka sa masa rigar jarumi. Fina-finan farko sun yi ƙoƙarin nuna shi da danginsa a matsayin halittun wata duniya masu tsawon rai waɗanda mutanen dauri suka ɗauka alloli ne, amma yaro ɗan shekara bakwai ba zai tsaya tantance wannan ba, kalmar da ya ji ita zai maimaita. Gyaran wannan a bakinka yake, kuma magana ce ta minti biyar: ka gaya masa asalin labarin, ka gaya masa cewa waɗanda suka rubuta shi ma ba su yi imani da shi ba.

Hanawa gaba ɗaya ba na jin za ta yi aiki a zamanin da masu tura fina-finai a waya suke kowace kwana, kuma ɗan maƙwabci yana da abin da ka hana. Abin da ya fi amfani shi ne ka san cewa rigar jarumi ba ta nufin fim na yara ne. A tsarin Amurka, alamar PG-13 tana nufin akwai abin da bai dace da wanda bai kai shekara 13 ba, kuma yawancin fina-finan Marvel a nan suke. Alamar R kuwa ta manya ce, kuma a ƙarƙashinta Deadpool da Logan da Joker suke, fina-finan da suke cike da zubar da jini ko batsar baki. Mai tura fim ba ya duba wannan, jaka ɗaya yake zuba su duka. Kuma ko ma'aunin nasu ba namu ba ne, domin abin da suka ɗauka ƙaramin abu a sutura da mu'amalar mace da namiji mu a wurinmu babba ne. Fargabar taka ma ba sabuwa ba ce, domin a 1954 iyayen Amurka sun tayar da irin wannan ƙura har majalisar dattawansu ta zauna a kan littattafan zane, kamfanonin kuma suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Ka fara kallon abin kafin su kalla, ko ka sa babban yayansu ya yi hakan.

Tambaya: Na kalli Dune kashi na biyu na ji ana ta kiran Mahadi, ga hamada, ga rawani, ga mutane suna sujada. Cin mutuncin Musulunci ne ko yabo? (Daga wani ma'aikacin asibiti, Malali)

Amsa: Malam, ni ban ɗauke shi ko ɗaya daga cikin biyun ba, aro ne, kuma aro mai yawa. Frank Herbert ya wallafa littafin a 1965, bayan ya yi karatu a kan Larabawan hamada da kuma gwagwarmayar Imam Shamil da daular Rasha a tsaunukan Kaukasus. Duniyar da ya ƙirƙira hamada ce da take ɗauke da wani sinadari wanda duk sufurin sararin samaniya ya dogara a kansa, manyan gidajen sarauta na waje suna yaƙi a kansa, masu ƙasar kuma suna fama da ƙishirwa. Ba sai an gaya wa ɗan Najeriya cewa man fetur ake nufi ba. An ɗauki hamadar fina-finan na 2021 da 2024 a Jodan da Abu Dabi.

Abin da mai kallo cikin gaggawa yake rasawa shi ne cewa labarin ba ya goyon bayan jaruminsa. Annabcin da mutanen hamadar suka yi imani da shi, wata ƙungiyar asiri ce daga waje ta dasa shi a cikinsu tun ƙarnoni da suka wuce domin ta yi amfani da shi wata rana, Paul kuma, ɗan sarautar da ya zo daga wata duniya, ya san haka, ya hau kai domin ya ɗauki fansar mahaifinsa. A littafi na biyu, na 1969, an bayyana cewa yaƙin da aka yi da sunansa ya ci rayuka biliyan 61. Gargaɗi ne a kan shugaba mai kwarjini da kuma yadda ake sarrafa imanin talaka domin mulki. Mu da tarihinmu ya ƙunshi boren Satiru a 1906, da kuma abin da ya faru a Sudan daga 1881 zuwa faɗuwar Khartum a 1885, mun san cewa kiran Mahadi ya taɓa zama tutar waɗanda aka zalunta, mun kuma san cewa masu neman duniya sun sha fakewa da shi. Laifin da nake gani a fina-finan shi ne an kwashi sutura da addu'a da kalmomin mutane, amma da aka zo rabon manyan matsayi ba a ga Balarabe ko ɗan Arewacin Afirka a sahun gaba ba. Ban da wannan, kashi na biyun yana cikin mafi kyawun abin da aka yi a wannan fanni cikin shekarun nan.

Tambaya: Mu dai Krrish da Robot na Indiya sun fi mana duk waɗannan na Amurka, musamman in an fassara su. Ko Malam yana da ja? (Daga wata ɗaliba, Badarawa)

Amsa: Ba ni da ja, 'yata, kowa da abin da yake so. Indiyawa sun daɗe a wannan fage, tun Mr. India na 1987 mai agogon ɓacewa, zuwa Koi Mil Gaya na 2003 wanda ya haifi Krrish a 2006, da Robot ɗin da kika ambata, fim ɗin Rajinikanth na 2010 mai mutum-mutumin nan Chitti. Abin da ya sa suke shiga ranmu shi ne jarumin yana da uwa ko kaka da yake jin nauyinta, kuma soyayyarsa tana da kunya. Fassarar Hausa irin ta su Algaita tana ƙara armashi, sai dai a fim ɗin kimiyya mai fassara yakan cike wurin bayani mai wuya da barkwanci, don haka kada ki dogara da ita wajen fahimtar yadda na'urar take aiki.

Tambaya: Malam, me ya sa har yau babu fim ɗin almarar kimiyya na Hausa da za mu yi alfahari da shi? Kullum soyayya da rikicin kishiyoyi. Rashin kuɗi ne ko rashin basira? (Daga wani mai ɗaukar hoton biki, Kakuri)

Amsa: Malam, kafin mu kai ga fim, ya kamata a san cewa Bahaushe ya riga ya taka wannan fage a rubuce. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya sauka a kan wata, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro mai suna Kilba da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya. Tun kafin nan ma, a 1934, Gandoki na Bello Kagara ya kai jaruminsa ƙasashen aljannu. Mai sauraron da ya tashi da tatsuniya da labaran yaƙi na littattafan Hausa ba zai yi wa labarin wata duniya kallon baƙon abu ba.

Batun kuɗi kuma, amsarsa tana cikin garin nan. Wasu samari 'yan Kaduna da suke kiran kansu The Critics sun fara shirya gajerun fina-finan almarar kimiyya tun wajajen 2016 da wayar hannu mai fasasshen gilashi, da koren ƙyalle da suka tara kuɗi suka saya, da darussan da suka koya wa kansu a YouTube, ga kuma matsalar wuta da kowa ya sani. A 2019 kafofin labarai na duniya suka ɗauki labarinsu, a 2020 kuma J.J. Abrams, wanda ya ba da umarni a Star Trek na 2009 da Star Wars na 2015, ya aiko musu da kayan aiki. Da Turanci suke yawancin aikinsu, amma sun rushe hujjar cewa sai da miliyoyi ake sa kumbo ya sauka a bayan gida. Manhajar Blender da ake irin wannan siddabaru da ita kyauta ce, kuma kyamarar da kake ɗaukar biki da ita ta fi wayar da suka fara da ita nesa ba kusa ba.

Inda matsalar take, a ganina, wuri biyu ne. Na farko kasuwa: furodusan Kannywood yana zuba kuɗinsa ne a inda ya tabbata za su dawo, kuma tun da kasuwar faifai ta mutu aka koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, abin da ake buƙata shi ne shiri mai fita kowane mako, alhali daƙiƙa goma na aikin kwamfuta mai kyau tana iya cin kwanaki. Na biyu, wanda ya fi girma, shi ne rubutu. Yawancin masu sha'awar wannan fanni a cikinmu suna fara tunani ne daga wutar da za ta fito daga hannun jarumi, alhali almarar kimiyya tana farawa ne daga tambaya guda da aka bi ta har ƙarshenta. Wanuri Kahiu ta Kenya ta yi gajeren fim mai suna Pumzi a 2009 a kan tambayar yadda rayuwa za ta kasance bayan an yi yaƙin duniya a kan ruwa. Fim ɗin Primer na Amurka, na 2004, wanda masu son labarin tafiya cikin lokaci suke girmamawa har yau, da kimanin dala 7,000 aka yi shi, kuma yawancinsa mutum biyu ne suke magana a gareji da ɗakin ajiya.

Wasu kuma sun riga sun fara ɗibar kayanmu. Roye Okupe ya gina littafin zanensa na Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, kamfanin Kugali kuma ya haɗa hannu da Disney sun fitar da Iwájú a 2024, labarin Legas ta nan gaba. Ban ga laifinsu ba, domin sun ga abu mai daraja ne sun ɗauka. Kai da kake Kakuri, kana wucewa kullum ta gaban masaƙun da suka fara aiki tun 1957 suka ciyar da dubban gidaje kafin su rufe. Ka zauna ka rubuta shafi goma a kan ranar da aka sake buɗe ɗaya daga cikinsu, amma babu ma'aikaci ko ɗaya sai injuna masu ƙirƙirarriyar basira, sannan aka ɗauki wani tsohon masaƙi aikin gadi, shi kaɗai ne ɗan Adam a cikin ginin, har wata rana injin ya fara tambayarsa yadda ake saƙar da babu ita a cikin ma'ajiyarsa. Wannan labari yana buƙatar ɗan wasa ɗaya, da murya ɗaya, da tsohon gini, da izinin masu ginin. Idan ka rubuta, ka aiko mana ta adireshin mujalla, za mu karanta mu ba ka ra'ayinmu a wannan shafi.